Shanyar Yaya Manu

Ajiye wayar nan tukuna, Nasiru, kai da abokanka ku samu wuri ku zauna. Na ga ledar hotunan tsuntsaye da ka buga wa makarantar nan a shagonka na Badariya. Wani ƙaton tsuntsun ƙasar waje mai farin kai, ka rubuta "shaho" a ƙarƙashinsa. A wace fadama ka taɓa ganin wanga shaho? Ka yi wa 'ya'yan mutane ungulu da kan zabo, ka zo kana mini dariya wai ai namu aikin ma kwafa ne, wai in buɗe akwatin tsofaffin hotunan Turawa da ke ɗakina ka ɗauka da waya, minti biyar an gama. Minti biyar! Zan buɗe, amma sai kun ji yadda akwatin ya zo hannuna. Amana ce aka ba ni, tsuntsu ashirin da huɗu, kuma ban riƙe ta yadda aka ba ni ba.

Aikin farko da maigidana Malam Hamidu ya sa ni a Argungu shi ne tsinar gashin wutsiyar kurege. Ina saurayi, na je da zumuɗin za a ba ni fenti, sai aka miƙo mini wutsiya da tsinke. A ware gashin ɗaya bayan ɗaya, a jera kawunansu wuri guda, a ɗaure da zare, a cusa cikin ƙashin gashin agwagwa. Burushin ke nan. In ka jiƙa shi da miyau bai tsaya da tsini kamar allura ba, Malam ya jefa shi wuta ba tare da ya ko dube ka ba. Na yi wata biyu ina ciyar da murhu kafin ɗaya ya tsira. Daga nan sai niƙan launi. Jar ƙasa, shuni, baƙin hayaƙin fitila, kowane a niƙa a kan dutse har in ka murza tsakanin yatsu ba ka jin komai, a dama da ruwan ƙaro a cikin ɓawon kawa da muke tsintowa bakin gulbi. Fentin kanti na nan, amma Malam ba ya saye sai rawaya da fari.

Shi Malam a ƙuruciyarsa ya yi wa wani Baturen gona aiki. Da Baturen zai koma gida sai ya bar masa wannan akwati na ƙarfe, ya ce ko kakansa ya tarar da hotunan ne. Ba hoto ba ne irin naku. Wani ne ya zana tsuntsun a kan farantin tagulla, layi bayan layi, aka danna a takarda ya fito baƙi, sannan wani ya zauna da burushi ya sa launi da hannu, takarda ɗaya bayan ɗaya. In ka karkata takardar za ka ga idon tsuntsun na ƙyalli, da bakin fukafukansa. Ƙaro ne aka ɗiga a wurin. Malam ya kan yi dariya ya ce wa ya sani, ƙila daga dajinmu aka kwashi ƙaron aka kai musu. A ƙarƙashin kowane akwai sunan Turawa da ba mai iya faɗa, shi kuwa ya bi bayansu da fensir ya rubuta namu da ajami: shaho, shirwa, gaggafa, juhurma, ungulu, mikiya mai cin kifi, har da mujiya iri biyu.

Daga waɗannan muke zana manyan kwalaye da ake ratayewa a bangon aji. Hedimastoci su ne manyan masu sayenmu, sai ofishin gona da ke son manoma su san wane tsuntsu ke korar musu tsuntsayen jan-baki daga shinkafa don su daina harbinsa. Direbobin lori ma na zuwa, su kullum mikiya suke so a bayan mota, da baki buɗe. Malam ba ya son aikinsu, ni yake turawa.

Kun ce kwafa ne. To na yi shekara guda ƙafa kaɗai nake zanawa. Malam ya ce wanda bai san abin da tsuntsu ke ci ba, ba ya iya ƙafarsa. Yatsun shaho dogaye ne sirara don a sama yake cafke ɗan'uwansa tsuntsu. Na mai cin kifi tafinsu kaushi gare shi don kada kifi ya sulle. Na ungulu kuwa dakusassu ne, kusan na kaza, tun da abincinta ba ya gudu. Ya kan tura ni mahauta in yini ina kallon ungulaye, mahauta na yi mini tsiya wai ko aure nake nema cikinsu. Da kaka ya tura ni fadama in ga yadda shaho ke haɗe fukafukai ya faɗo kan jan-baki. In na dawo ya ɗauko ta Baturen ya ce in nuna masa inda Bature ya yi daidai da inda ya yi kuskure. Kuma akwai kuskuren. Wanda ya zana gaggafar nan bai taɓa ganinta a sama ba, fata aka kai masa, sai ya ƙara mata wutsiya. Gaggafa guntuwar wutsiya gare ta, ƙafafunta ma sun fi ta fitowa. A namu kwalin mu kan rage.

Na tuna wani shaho da na yi wa wata makaranta a Ambursa, aikina na farko da aka bar ni ni kaɗai. Kwana tara ina kansa, kowane gashin ƙirji da ɗigonsa. Na kai wa Malam ina jin kaina. Ya duba, ya duba, ya ce, "Haruna, wanga tsuntsu ya ƙoshi. Shahon da ya ƙoshi tantabara ta." Ya sa ni na sake daga farko. Ranar na yi niyyar komawa gona wurin yayana, wallahi.

Ido shi ne ƙarshen abin da ya koya mini, a shekara ta huɗu. Rawaya tukuna, a bari ta bushe. Zobe mai duhu a kewaye. Baƙi a tsakiya, ba daidai tsakiya ba, ya ɗan matsa gaba. Fari ɗigo ɗaya kamar kan allura. Sannan ƙaro, ɗigo ɗaya tak, hannu ba ya rawa, ba ka numfashi. In ka yi daidai, duk kusurwar da yaro ya zauna a aji zai ga tsuntsun shi yake kallo.

Akwatin kuwa yana da dokoki. Bisa duwatsu huɗu yake zama saboda gara, ana zuba busasshen ganyen dogonyaro a ciki, tsakanin kowane hoto da na bisansa akwai siririyar takarda. Ba ya fita daga gida, ko takarda ɗaya. Ba a buɗe shi sai an saki labule. Malam ya kan ce, "Gara kana ganinta, ruwa kana jin shi. Rana ita ta munahuka, tana yi maka dariya tana shanye launi." Da ciwon ajali ya kama shi, 'ya'yansa ba mai sha'awar sana'ar, sai ya sa aka ɗauko akwatin gabansu ya ce, "Na Haruna na, amma ba kyauta ba ta, amana ta. Kak ka bari rana ta gan su." Na ce na ɗauka. Na kai shi gidanmu na gangare, kusa da fadama, inda nake zaune da yayana Manu.

Yaya Manu manomin shinkafa ne, in rani ya yi kuma ya shiga jirgi ya fita su, kamun kifi. Bai san bambancin burushi da asuwaki ba, kuma bai taɓa ganin cikin akwatin ba. Abin da ya sani shi ne mamaci ya bar wa ƙanensa amana. In zai wuce ƙofar ɗakina ya kan ce, "Ƙaƙa tsuntsayen Malam, sun kwan lahiya?"

Laifina biyu ne, bari in faɗe su da bakina kafin ku ji na wani. Siraran takardun nan da ke tsakani sun tsufa sun fara yin tabo, sai na cire su duka na ce in an yi kaka zan sa sababbi. Na bar tsuntsaye kwance kan juna, fuskar wannan a bayan wancan. Na biyu, wani hedimasta a nan Birnin Kebbi ya ba ni aikin gaggafa a bangon makaranta, mai tsawon mutum, sai na ce bari in tafi da ta asali in riƙa dubawa. Na sa ta tsakanin alluna biyu na ɗaure, na fito da ita daga gidan da aka ce kada ta fita.

Ina kan tsani ina jan fuskar gaggafa labari ya zo cewa gulbi ya ƙetare iyaka. A daminar nan an yi ruwa ba na wasa ba, ga kuma wanda ya taso daga gabas. Aka ce hanya ta yanke gaba da Ambursa, ba mota ba babur. Lokacin ba waya a aljihun kowa. Kwana huɗu ina zuwa bakin ruwa ina dawowa, kafin na samu mai jirgin da ya yarda ya ƙetarar da mu.

Abin da ya faru a bayana, matar Yaya ce ta ba ni labari. Da hantsi ruwa ya shigo unguwarmu, kafin azahar ya kai gwiwa. Yaya ya kwashe mata da yara a jirginsa ya kai su makarantar firamare da ke kan tudu, inda duk unguwa ta taru. Ya koma sau ɗaya, ya tarar bangon ɗakuna ya fara zama. Jirgin ƙarami ne, ga tukwane da tabarmi. A ɗakinsa akwai shinkafar da za a ci har kaka da irin da zai shuka da rani, a ɗakina akwai akwati, ruwa ya riga ya hau kansa. Ta ce mutane na yi masa ihu ya ɗauki buhu, ya ce shinkafa tashi ce, akwati kuwa na mamaci ne. Kafin ya sake komawa ɗakunan sun kwanta.

Akwatin ya yi tsatsa a kusurwa guda, ban taɓa lura ba. Ruwa ya shiga ya kwana biyu a ciki.

Yanzu ku saurara, don a nan sana'ar take. Takarda irin wannan in ta jiƙe ba a gaggawa da ita. Ba ta ruɓewa cikin kwana huɗu ko biyar. A inuwa ake kai ta, a bar ta da danshinta, a riƙa shigar da bakin wuƙa mai laushi tsakani ana ɗiga ruwa mai tsabta har ƙaron ya saki da kansa, sannan a sa kowace tsakanin tsumma a danne da allo. Aikin mako biyu ne, kuma da na same su haka da na fid da su kusan duka. Amma wa ya san wannan a makarantar nan? Mu mutanen fadama abu ɗaya muka sani: abin da ruwa ya taɓa, rana ce maganinsa. Shinkafa ta jiƙe a shanya, albasa a shanya, kifi a shanya. Ranar da gari ya washe, filin makaranta kaf shanya ne. Yaya ya fasa kwaɗon akwati, ya tarar takardu sun fara shan iska sun manne da juna. Ya zauna ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya kamar ɓawon albasa, ya shimfiɗa tabarmarsa ta kwana, ya jera su, ya danne kowace kusurwa da tsakuwa. Yini biyu yana zaune a rana da sanda yana korar awaki, yana juya su gaba da baya yadda ake juya shinkafa don kada gefe ɗaya ya fi bushewa.

Da la'asar na iso. Tun daga ƙofar makaranta na hango su a tsakiyar fili. Da na matso na ga sun kanannaɗe, laka ta bi gefensu, shuɗin bayan shaho ya koma kamar tsohuwar riga. Wannan duk da sauƙi. Na durƙusa na ɗauki shirwa, sai na ga inda idonta yake fari fat, rami kamar ƙwayar dawa. Na ɗauki juhurma, haka. Mikiya haka, mujiya ramuka biyu. Na juya bayan takardar shaho, ga idon shirwa nan manne, lafiya lau da ƙyallinsa, kusa da rubutun Malam. Ƙaron ya jiƙe ya kama takardar da ke bisansa, da aka ja sai ya tafi da fatar. Ashirin da uku, ba wanda ya tsira da idonsa.

Na ɗago zan yi magana, abin da ke bakina kuwa ba mai daɗi ba ne. Sai na ga ƙafafun Yaya, ruwa ya cinye tsakanin yatsu sun yi fari suna jini. Bayansa ga yaransa zaune, tukunya kife. Yana murmushi ya ce, "Kwantar da hankalinka, ko guda ba ta ɓace ba, na ƙidaya. Sun bushe ko?"

Na ce, "Sun bushe, Yaya. Allah shi saka da alheri."

Na tattara su na mayar akwati. Na zagaya bayan aji na yi kuka, ni da gemuna.

Shekarar nan mun ga tasku. Shinkafar fadama ta tafi, iri ya tafi, Yaya ya koma ƙwadago a gonakin tudu, mutumin da bai taɓa yi wa wani noma ba. Makarantun da ke sayen kwalayena su ma rufi suke nema, wa ke ta tsuntsu? Na koma rubuta allon shaguna, mai shayi da mai faci. Da abubuwa suka lafa sai ga kwalaye bugun inji sun shigo kasuwa, masu sheƙi, da tsuntsayen da ba a taɓa gani a ƙasar nan ba. Daga baya kuka zo da naku injin. Ban ce kun yi laifi ba, kowa da zamaninsa. Amma je ka mahauta yau ka nemo mini ungulu guda. Gaggafa kuwa na manta rabon da in ga tana lilo a sama.

Na gwada gyara sau ɗaya, a kan shirwa. Na haɗa rawaya mai kyau, na ɗauki burushin da na fi ji da shi. Amma inda fatar takarda ta tashi ba ya riƙe launi, tsotsewa yake. Ina taɓawa ya bazu har kunci kamar gyambo. Garin neman gira na ƙara rasa ido. Ban sake taɓa ko ɗaya ba.

Yaya kuwa ya kan ba da labarin a majalisa, yadda ya tsamo tsuntsayen Malam, mutane na sa masa albarka. Ni ma in tanka in ce haka aka yi. Amma ya daina tambayata ko sun kwana lafiya, ban kuma kawo komai a raina ba. Na dawo Birnin Kebbi da zama, akwati ya biyo ni, muka yi shekara da shekaru a haka.

Da ciwonsa ya yi tsanani aka aiko mini, aka ce ya ce in zo da gaggafa, wadda na tafi da ita. Na yi mamaki, amma na ɗaure ta tsakanin alluna na hau mota. Na same shi bayan azahar kwance a zaure, ya rame ƙwarai. Na saki labule da kaina, na kwance alluna na riƙe masa ita kusa da fuska. Ya daɗe yana kallo. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama, ya ce, "Tana bi na da kallo."

Na ce, "Haka aka yin su."

Ya ce, "Dukansu haka suke?"

Na sauke takardar kan cinyata. Ya ce, "Haruna, tun ga ta ukku da na ɓamɓare na ga idon ya bi bayan takarda. Na tsaya. Ba wanda zan tambaya. Na ce in na bari su ruɓe, mi zan ce maka? Sai na ci gaba. Da ka zo na tambaye ka don ka yi man faɗa in huta, kai ko ka ce sun bushe. Tun rannan nika jiran faɗan nan."

Na ce, "Yaya, ni na cire takardun tsakani. Da suna nan da ba su manne ba."

Ya ce, "Ba ka taɓa hwaɗi ba."

Na ce, "Kai ma ba ka hwaɗi ba."

Ya rufe ido, ya ce in mayar da ita kada iska ta taɓa ta. Kwana uku tsakani muka kai shi makwancinsa.

To, tashi ka saki labulen can, Nasiru. Ku wanke hannu ku goge sosai, kada wanda ya kunna mini fitilar waya. Ni yanzu yanar ido ta rufe mini gani, ko gaggafar ma sai dai in san inda take. Ɗauki kowane sau biyu, gaba da baya, don idon kowane na bayan ɗan'uwansa, kuma kada ka sa injinka ya mayar musu da shi. In yaran makaranta sun tambaye ka me ya same su, ka ce ruwa ne. Kada in ji ka ambaci sunan Yaya Manu.